Gajiyar aiki da damuwar zuciya: yadda za mu tsare lafiyarmu a lokacin rashin tabbas

Ƴan'uwa manoma, makiyaya, ƴan kasuwa da ma'aikata, maza da mata, darasinmu na yau ya shafi wani ciwo wanda ba ya fitar da ƙurji, ba ya kuma zubar da jini, amma yana kayar da mutum. Wannan ciwo shi ne damuwar aiki. Mutum ya tashi tun asuba, ya wuni yana wahala, da dare ya kwanta barci ya ƙi zuwa, domin zuciya tana can tana lissafin gobe. Za mu duba mafarin wannan damuwa, da abin da take yi wa jiki, da kuma dubarun da ke hannunmu na rage ta.

Daga ina damuwar take fitowa?

Aiki mai wuya ba baƙo ba ne a ƙasar Nijar. Abin da ya fi cin rai shi ne mutum ya yi aikin, bai san ko zai ci moriyarsa ba. Manomi yana shuka, bai san ko ruwa zai kai ƙarshen damana ba. Ɗan kasuwa yana saro kaya, bai san ko hanya za ta kasance a buɗe ba. Ma'aikaci yana jiran ƙarshen wata, ga bashin mai shago, ga kuɗin haya.

Mun ga irin wannan sau da yawa. An yi fari mai tsanani a 1973 da 1984, an yi ƙarancin cimaka a 2005 da 2010. A watan Janairu na 1994 an karya darajar kuɗin sefa da rabi, kayan da ake shigowa da su daga waje suka yi tsada, kuma a waɗannan shekaru ma'aikatan gwamnati sun yi watanni suna bin bashin albashi. A 2019 Najeriya ta rufe iyakarta fiye da shekara guda. A 2023 an sake rufe ta, sai a 2024 aka buɗe, kuma ƴan kasuwar Maraɗi da Ƙonni da Magariya sun ji a jikinsu. A damanar 2024 kuma ambaliya ta rushe gidaje, ta cinye gonaki a jihohin Maraɗi da Damagaram da Tawa. Duk wanda ya ratsa waɗannan shekaru, ba abin mamaki ba ne idan zuciyarsa ba ta kwanciya.

Me damuwa take yi wa jiki?

Idan mutum ya ga maciji a gona, nan take jikinsa yana sakin wasu sinadarai cikin jini. Zuciya ta riƙa bugawa da sauri, numfashi ya ƙaru, jijiyoyi su ɗaure, domin mutum ya samu ƙarfin gudu ko na bugu. Da haɗarin ya wuce, sai jiki ya koma daidai. Wannan tsari yana da amfani.

Amma jiki ba ya bambanta maciji da tunanin bashi. Idan tunanin bai gushe ba, sai jiki ya zauna a ɗaure dare da rana, kamar igiyar guga da aka bari da nauyi a bakin rijiya. Igiyar da ba a sauke mata nauyi ba, wata rana tsinkewa take yi.

A 2021 hukumar lafiya ta duniya da hukumar ƙwadago ta duniya sun fitar da sakamakon wani bincike. Sun gano cewa wanda ke aikin awa 55 ko fiye a mako, haɗarin shanyewar ɓarin jiki yana ƙaruwa gare shi da kashi 35 cikin 100, in an kwatanta shi da mai aikin awa 35 zuwa 40. Sun ƙiyasta cewa a shekarar 2016 kaɗai, mutum 745,000 ne suka mutu a duniya ta ciwon zuciya da shanyewar jiki saboda doguwar wahalar aiki. Mu lissafa awowin da matar karkara take yi tsakanin rijiya, daka, itace, girki da gona, sai mu ga maganar ta shafe mu kai tsaye.

Alamomin da ya kamata mu lura da su

1. Ciwon kai, da ciwon wuya ko na baya, waɗanda ba sa jin magani.
2. Rashin barci, ko farkawa tsakar dare da faɗuwar gaba.
3. Zafin ciki da rashin son cin abinci.
4. Saurin fushi: abin da bai kai ya kawo ba, sai a yi wa yara tsawa, ko a yi faɗa da uwargida ko maigida.
5. Mantuwa da yawan kuskure a wurin aiki.
6. Ƙyamar mutane, da jin cewa aikin da aka saba yi ya fita daga rai.

Wanda ya ga biyu ko uku daga cikin waɗannan a jikinsa, kada ya ce ragwanci ne. Jiki ne ke yin kira, ya kamata a saurare shi.

Abubuwan da ake ɗauka magani, alhali ba magani ba ne

Wasu ƴan ƙwadago da ƴan kabu-kabu suna shan ƙwayar tiramol domin kada su ji gajiya. Ƙwayar ba ta fitar da gajiya, rufe ta take yi. Mai shanta yana sabawa da ita har ya kasa aiki sai da ita, yana ƙara yawanta, kuma tana iya jawo farfaɗiya. Kuɗin da ya kamata su shiga tukunya sai su tafi wajen mai teburin magani.

Shayi mai ƙarfi da goro da dare suna korar barci. Taba tana ƙara wa zuciya nauyi. Yawan gishiri da dunƙulen Maggi a miya suna tayar da hawan jini. Abin da hukumar lafiya ta duniya ta ba da shawara ga babban mutum shi ne ƙasa da giram 5 na gishiri a yini, wato bai cika ƙaramin cokali guda ba, har da wanda ke cikin miya.

Dubara ta farko: mu raba damuwa gida biyu

Akwai abin da ke hannunmu, akwai wanda ba ya hannunmu. Saukar ruwa, buɗe iyaka da farashin kasuwar duniya ba su hannunmu. Irin da za mu shuka, abin da za mu kashe, da lokacin da za mu sayar, waɗannan suna hannunmu. Ƙarfin tunaninmu ya kamata ya tafi ga kashi na biyu.

Damuwar da ba a auna ba ta fi girma a zuciya. Saboda haka mu ɗauki alƙalami mu auna ta. Ga misali. Gidan da ke cin tiya 2 ta hatsi a yini yana bukatar tiya 60 a wata, wato buhu ɗaya da rabi, tunda buhu mai kilo 100 yana ɗaukar tiya 40. Idan abin da ke rumbu ya kai buhu 9 a farkon Nuwamba, zai kai gidan ƙarshen Afirilu. Daga Mayu zuwa Satumba akwai wata 5, wato buhu 7 da rabi ne giɓin. Maigidan da ya san wannan tun da kaka yana da wata 6 na shiri: ya yi garka, ya yi kiwon rago, ko ya sayi hatsi tun yana da araha. Wanda bai lissafa ba, sai ranar da uwargida ta ce rumbu ya ƙare.

Dubara ta biyu: kada mu rataya rayuwar gida a ƙusa guda

Manomin da ya haɗa hatsi da wake, ko dawa da gujiya, idan ɗaya ya ƙi, ɗaya zai ba shi wani abu. Irin hatsi mai saurin nuna, kamar HKP wanda cibiyar binciken noma ta INRAN take yaɗawa, yana rage fargabar ɗaukewar ruwa da wuri. Akuya biyu ko uku da kaji a hannun uwargida asusu ne mai ƙafafu. Ma'aikacin albashi shi ma yana iya ware wani abu kaɗan, ko da jika guda ce, ranar da kuɗi suka shigo, kafin bukatu su taso masa.

Sai dai a yi hattara. Taura biyu ba ta taunuwa. Ba a ce mutum ya ɗauki sana'a huɗu ya hana kansa barci ba. Sana'a ta biyu ta zama wadda lokacinta bai ci karo da ta farko ba.

Dubara ta uku: mu shimfiɗa aiki bisa shekara da bisa yini

Yawan wahalar damana yana zuwa ne domin an tara komai sai ruwa ya sauka. Manoman Illela a jihar Tawa sun rungumi haƙa tassa tun wajen 1989, bayan wasunsu sun je Burkina Faso sun ga yadda ake yi. Ana haƙa ramukan da rani, a zuba taki, ruwa na sauka sai shuka. Kai taki gona, gyaran hauya da garma, da zaɓen iri, duk ayyuka ne da ake iya gamawa tun da sanyi.

A cikin yini kuma, aiki mai nauyi na safe ne da na yamma. A watan Afirilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40 a ƙasarmu. Daga azahar zuwa la'asar a nemi inuwa, a sha ruwa tun kafin ƙishirwa ta yi tsanani. Babban mutum yana bukatar barcin awa 7 zuwa 8. Dokar ƙwadago ta Nijar ta 2012 ta tsayar da aikin ma'aikaci a awa 40 cikin mako, tare da hutun awa 24 a jere kowane mako. Manomi ba shi da shugaban da zai ba shi wannan hutu, shi ne zai ba kansa. Ko sa na noma, idan ba a kwance masa karkiya ba, ba ya kai ƙarshen damana.

Dubara ta huɗu: gida yana da nasa rabo

Mutum yana wahala ne domin iyalinsa. Idan ya dawo da fushin kasuwa ko na ofis ya sauke a kansu, wahalar ta zama ta banza. Kafin a shiga gida, a tsaya kaɗan, a ja numfashi a hankali ta hanci, a sake shi a hankali, kamar sau 10. Wannan yana rage bugun zuciya. A ci tuwon dare tare da yara, a tambaye su abin da suka koyo a lakol. A ajiye salula gefe guda lokacin cin abinci, domin ba kowane labari da ke yawo a cikinta ne gaskiya ba, kuma jita-jita tana ƙara fargaba.

Maigida ya gaya wa uwargida halin da rumbu da aljihu suke ciki. Wanda ya ɓoye, nauyin ya zauna kansa shi kaɗai, ita kuma ta riƙa zargin rowa. Sannan a duba aikin mata da idon adalci. Idan akwai amalanke a gidan, ya ɗauko ruwa da itace. Idan akwai injin niƙa a garin, kuɗin niƙa ba asara ba ne. Samari su ma su kama. Mace mai ciki da mai goyo su ne suka fi kowa bukatar a rage musu kaya.

Wanda ya tafi ci-rani ya tsayar da ranar da zai riƙa kiran gida, ya faɗi gaskiyar abin da zai iya aikowa. Alkawarin da ya fi ƙarfin mutum yana hana barci a wuri biyu, can da nan.

Dubara ta biyar: hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

Gayya da adashe gadonmu ne. A 1991 aka kafa ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi tare da taimakon ƙungiyar CARE. Mata suna zuba kuɗi kaɗan kowane mako, suna ba junansu rance, kuma tsarin ya bazu har ƙasashe da dama. Ribarsa ba kuɗi kaɗai ba ce. Mace tana samun wurin da za ta faɗi abin da ke damunta, a saurare ta.

Akwai kuma bankin cimaka, da tsarin jinginar amfanin gona da ake kira warantaji, wanda ya fara yaɗuwa a Nijar a ƙarshen shekarun 1990. Manoma suna tara hatsi ko wake a ma'ajiyar ƙungiya da kaka, a sa kwaɗo biyu, makulli ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun mai ba da rance. Su karɓi rance su yi sana'ar rani. Bayan wasu watanni su biya, su ɗauki kayansu lokacin da farashi yakan hau. Ta haka manomi ba ya karyar da amfaninsa da kaka, ya dawo ya saye shi da tsada da bazara.

Maza su ma su yi magana. Fada da majalisar ƙofar gida ba ta shan shayi kaɗai ba ce. Faɗa wa amini ko dattijo abin da ke ci maka rai ba kasawa ba ce.

Yaushe za mu je likita?

Hawan jini sau da yawa ba ya nuna alama. Awo ne kaɗai ke bayyana shi, kuma awon ba ya ciwo, ba ya ɗaukar lokaci. Duk wanda ya kai shekara 40 ya je a auna shi aƙalla sau ɗaya a shekara. Idan awo ya riƙa kai 140 bisa 90, wanda ma'aikatan likitarmu kan ce 14 bisa 9, to a bi maganar likita, kada a daina shan magani don an ji sauƙi.

Idan baƙin ciki da rashin barci sun wuce mako 2, mutum ya kasa aiki, ko ya fara cewa gara ya mutu ya huta, kada a bar shi shi kaɗai, kada kuma a yi masa dariya. A raka shi likita, domin wannan ciwo ne mai magani. Idan kuwa baki ya karkace, ko hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe, ko ƙirji ya ɗaure da ciwo, a kai mutum asibiti nan take, ba a jiran gari ya waye.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. A wane wata ne aiki ya fi yi muku yawa? Wane aiki za ku iya gamawa kafin watan ya zo?
2. Tiya nawa gidanku ke ci a yini? Abin da ke rumbu zai kai ku wane wata?
3. Ku rubuta ayyukan da uwargida take yi daga asuba zuwa dare. Wanne za a iya ɗauke mata tun wannan mako?
4. Yaushe rabonku da awon jini?

Lafiya uwar jiki ce. Gona tana jiran mai ita ya warke, amma iyali ba su da wanda zai maye musu gurbinsa. Mu yi aiki, mu huta, mu kuma riƙa tambayar juna lafiya da gaske.