Yadda Ake Zagaya Tsibirin Moris a Motar Bas

Moris, wanda ake rubutawa Mauritius a taswira, tsibiri ne a tekun Indiya gabas da Madagaska, tsawonsa kamar kilomita 65, faɗinsa kamar 45. Duk da ƙanƙantarsa, baƙo da yawa kan zo ya koma bai san komai ba sai harabar otal da kujerar bayan tasi. A ganina wannan asara ce, ta kuɗi da ta ilimi, domin motar bas tana kai mutum kusan duk garin da yake son gani. Sharaɗin ɗaya ne: baƙo ya gane cewa an shimfiɗa layukan nan ne don ma'aikata da 'yan kasuwa da 'yan makaranta. Tun da aka rufe tsohon layin dogo a 1964 bas ce ƙafar talakan ƙasar, kuma tun 2005 ɗalibai da tsofaffi ke hawanta kyauta. Wanda ya daidaita yininsa da tafiyar waɗannan mutane zai ji daɗi, wanda kuma ya ɗauka don shi aka tanadi motar zai sha jira a bakin titi.

Abu na farko shi ne sanin manyan tashoshi tun kafin a fita. Ba kasafai bas ke kewaya gaɓar teku daga wannan wurin shaƙatawa zuwa wancan ba. Daga ƙauyukan gaɓa take nufar garuruwan da ake aiki da ciniki, a can ake sauya mota. Port Louis, babban birnin, yana da tashoshi biyu, kuma rikita su ne kuskuren da ya fi cin lokacin baƙo. Tashar Victoria ita ce ta masu zuwa kudu da yamma da garuruwan tsakiya, irin su Curepipe da Flic en Flac da Mahébourg. Tashar Immigration Square kuwa ta masu zuwa arewa ce, wato Grand Baie da lambun itatuwa na Pamplemousses. Tsakanin tashoshin tafiyar ƙafa ce ta 'yan mintuna, kuma ba tafiyar banza ba ce, don babbar kasuwar birnin da tsohon Masallacin Juma'a da Aapravasi Ghat, inda aka riƙa sauke 'yan ƙwadagon Indiya a ƙarni na 19, duk suna wannan yanki. A gabas, Centre de Flacq ce mahaɗa. Mai son tsallakawa zuwa tsibirin Île aux Cerfs daga can zai hau wata motar zuwa Trou d'Eau Douce, sannan ya shiga kwalekwale.

Na biyu shi ne lokaci, kuma nan ne komai ya rataya. Motoci na fara zirga-zirga da asuba, amma a yankunan karkara da gaɓar teku suna ɗaukewa wajen ƙarfe shida da rabi na yamma, a birane kuma wajen takwas na dare. Ranar Lahadi suna raguwa sosai. Don haka lissafin yini daga ƙarshe ake fara shi. Da zarar ka sauka inda ka nufa, kafin ka kalli teku, tambayi kwandasta ƙarfe nawa motar ƙarshe ke komawa, sannan ka sa a ranka cewa wadda ke gabanta za ka hau. Idan komawar na buƙatar sauya mota, sai ka ƙara tazara, domin ba amfanin isa Curepipe da magariba alhali motar da za ta ƙarasa da kai masauki ta riga ta tashi. Wani sauƙi da matafiyi daga ƙasashenmu zai lura da shi shi ne, a tasha ba a jiran mota ta cika kafin ta tashi.

Hawan kansa ba wuya. A tsaya a wurin tsayawar bas mai alama, a tuna cewa a Moris hannun hagu ake tuƙi, don kada a tsaya a ɓangaren da motar ke komawa. Lambar layi da sunan garin da za ta ƙare suna gaban motar. Ka ɗaga hannu, in ta tsaya ka faɗi sunan inda za ka tun daga ƙofa, za a gyaɗa maka kai ko a nuna maka wata. Ba a biya wurin direba. Ka nemi kujera ka zauna, kwandasta zai iso da na'urarsa ya yanka maka tikiti gwargwadon nisan tafiyarka. Kuɗin 'yan gommai ne na rufi, wato kuɗin ƙasar, saboda haka a tanadi tsaba da ƙananan takardu, miƙa takardar rufi dubu wahalar da shi ne kawai. A riƙe tikitin har a sauka, domin masu bincike kan hau a hanya. Harshen titi Kiriyol ne, amma Faransanci na tafiya ko'ina kuma da yawa suna jin Ingilishi, ka ga baƙo daga Nijar da na Najeriya kowa zai fahimtar da kansa. Ka roƙi kwandasta ya tuna maka idan an iso, sannan ka danna ƙararrawa kafin wurin saukarka.

Za a ce bas ɓata lokaci ce ga wanda hutunsa mako guda ne. Akwai gaskiya a ciki, domin motar da ke tsayawa a kowane ƙauye tsakanin gonakin rake tana iya ninka lokacin da tasi zai ɗauka. Sai dai akwai magani biyu. Akwai motocin da aka rubuta wa express, masu bin babbar hanya, wasunsu da na'urar sanyaya ɗaki. Akwai kuma jirgin Metro Express da ya fara ɗaukar fasinja da kuɗi a 2020 tsakanin Port Louis da Rose Hill, ya kai Curepipe a 2022, yana tsallake cunkoson garuruwan tsakiya. Shi tikitinsa a na'urar tasha ake saye kafin a shiga. Ban da haka, ita tafiyar wani ɓangare ne na abin da aka zo gani. A cikin motar ne za ka zauna kusa da mace mai sari da ɗaliba mai hijabi da masunci Bakiriyole, ka wuce wurin bautar Hindu da coci da masallaci a unguwa guda. Tasi daga filin jirgi zuwa arewa kan ci sama da rufi dubu, kuma ba ya nuna maka ko ɗaya daga cikin wannan.

Za a kuma ce ba ko'ina take zuwa ba, wannan kam haka ne. Tsaunukan kudu maso yamma, wajen Chamarel da gandun dajin Black River Gorges, motocinsu kaɗan ne ko babu, kuma wasu manyan otal-otal suna nesa da titi. Hikima ita ce a ware wa irin waɗannan wurare yini guda na shatar tasi, a yi ciniki a tsayar da farashi kafin a tashi tunda ba kasafai ake kunna mita ba, ko kuma a hau bas zuwa gari mafi kusa a ƙarasa da tasi. Haka ma ranar isowa. Motar Mahébourg zuwa Port Louis tana bi ta wajen filin jirgi, amma ba ta da wurin manyan akwatuna, don haka mai kaya da yawa ko wanda ya sauka da dare gara ya biya tasi.

Ƙorafin da ya fi cancantar a saurara shi ne cewa baƙo mai kuɗin tasi yana tare kujerar ma'aikacin da ba shi da zaɓi. Na ɗauki wannan da muhimmanci, amma gyaransa na hannun baƙon. Cunkoson safe Port Louis yake nufa, na yamma kuma daga can yake fitowa. Wanda ya jira ma'aikata da 'yan makaranta suka wuce kafin ya nufi birni, ya kuma baro shi kafin a tashi daga ofis, zai tarar da kujeru a sake, kuɗin motarsa ma ya shiga aljihun layin da mutanen ƙauyen suka dogara da shi. In kuwa tilas ta sa ya hau a cike, ya ɗora jakarsa a cinya, ya kakkaɓe yashin bakin teku, ya sa sutura ta mutunci, ya kuma tashi wa dattijo ko mai goyo.