Zaren Gado A Jikin Mutum

Me ya sa ɗa yake kama da iyayensa, kuma irin gero ba ya fid da dawa? Dalilin yana cikin wani siririn zare da masana ke kira DNA. Jikin mutum tarin ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, kuma kusan kowace ƙwaya tana ɗauke da wannan zare.

A 1953 ne James Watson da Francis Crick suka bayyana siffarsa a Ingila. Sili biyu ne a murɗe kamar tufkar igiya. A jikinsu an jera sinadarai iri huɗu: A, T, G da C. Kullum A tana riƙe da T, ita kuma G da C.

Idan ƙwaya za ta rabu biyu, sai tufkar ta warware, kowane sili ya sami sabon abokin tufka. Da yake A ba ta karɓar kowa sai T, haka G sai C, zare biyun sukan fito iri ɗaya.

Amma akan sami kuskure jefi-jefi. Canjin harafi ɗaya tak shi ne asalin cutar sikila. Idan miji da mata duk masu jinin AS ne, a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai sikila. Gwajin jini a asibiti kafin aure yana nuna irin jinin kowa.