Sitiyarin da Ba Ya Komawa da Kansa

Ɗana, na ji labarin maigidanka ya fara barin ka kai kaɗai a kan na'urar alaimen. Allah Ya sa albarka. Tun hannunka bai saba da gaggawa ba nake son mu yi wannan magana, domin wajajen Bata wuri ne na masu sauri. Mai kwasar kaya daga Kantin Kwari yana jira, ɗan kasuwar Singa yana duba agogo, direban da zai kama hanyar Katsina ya riga ya yi lodi. Kowannensu so yake a taɓa masa tayarod a sallame shi.

Ka san awon tayar gaba uku ne: to, kamba da kasta. Da to da kamba ba su da ɓoyo: in sun kauce, taya ce za ta faɗa, ka ga ta cinye gefe guda ko ta yi kaushi, har mai faci ma ya gane. Na ukun, wato kasta, bai cika cin taya ba, shi ya sa yara da yawa ke tsallake shi. Amma shi ne ke riƙe mota a kan hanya.

In kana son ka gane shi, je ka tsaya gefen keke ka dubi wuyansa. Ba a tsaye yake cak ba, ya ɗan kwanta baya wajen mahayi. Da za ka ja layi daga wuyan nan har ƙasa, zai sauka gaba kaɗan da inda taya ta taɓa ƙasa. Ke nan kullum tayar tana biye ne, ana jan ta, kuma abin da ake ja daga gaba miƙewa yake yi da kansa. Dalilin da ya sa yaro ke sakin hannu keke ya ci gaba da tafiya sak ke nan. A mota, layin yana tasowa daga kan shokozoba, ko bol joyin na sama, ya sauko ta bol joyin na ƙasa. Gwargwadon kwanciyarsa baya, gwargwadon kastan. Tun 1896 wani injiniyan Faransa mai suna Arthur Krebs ya sa wannan dabara a ƙirar motarsa, har yau kuma ba a bar ta ba.

Yawancin ƙananan motocin yanzu kastansu yana tsakanin digiri 3 zuwa 5, wasu Mercedes kuma sukan haura 7. Motocin da muka koyi aiki a kansu, zamanin da Peugeot na Kaduna suka cika gari bayan an buɗe kamfanin a 1975, da yawansu ba su da fawar sitiyari, don haka ba a ba irinsu kasta mai yawa. Kasta in ya ƙaru sitiyari nauyi yake yi, kuma ƙarfin damtsen direba ne zai biya. Kada ka ɗauki awon wata mota ka ɗora wa wata. Kowace da lambarta, ka nemo ta a na'ura ko a littafi.

Ka koyi sauraron direba, ko da bai san sunan ciwon ba. In ya ce maka ya sha kwana amma sitiyari bai dawo ba sai da ya mayar da shi da hannu, ko ya ce motar tana yawo a hanyar Zariya da zarar ya taka wuta, ka zargi ƙarancin kasta. In ya ce sitiyarin ya yi nauyi, kowane rami sai ya ji shi a tafin hannunsa, wataƙila kastan ya yi yawa. Wanda za ka fi gani shi ne na mai cewa "tana ja". Idan kastan dama da na hagu suka bambanta da fiye da rabin digiri, mota takan ja zuwa gefen da ya fi ƙaranci. Sai dai kafin ka yanke hukunci, auna iskar tayoyi, musanya na gaba dama da hagu, duba ko birki na riƙewa, ka kuma tuna ana gina titi da ɗan gangare zuwa kwata don ruwa ya wuce.

Ga inda nake son ka tsaya ka natsu. Irin su Golf da Corolla, waɗanda suka fi zuwa wajenku, yawanci ba a yi musu notin gyara kasta ba. Hilux tana da nata, amma su babu. To in na'ura ta nuna kastan irin wannan mota ya kauce, ba abin juyawa za ka nema ba. Wani abu ne ya lanƙwashe ko ya mutu: lowa am, ko bushin, ko shokozoba, ko ƙarfen da ke ɗauke da ƙafafun gaba ya gusa. Ramin damina da ruwa ya rufe yana yin haka, bugun kwalbati yana yi, motar Beljiyam da ta taɓa haɗari tun can kuma takan zo da abinta a ƙarƙashin fenti mai sheƙi. Ɗauki tef ka auna daga tsakiyar tayar gaba zuwa tsakiyar ta baya, dama da hagu. Sau da yawa nan take za ka ga ƙafa ɗaya ta ja baya.

Na san abin da ake yi in layi ya yi tsawo. A juya tayarod har sitiyari ya zauna tsakiya, mai mota ya ga ya miƙe, ya biya ya tafi. Jan yana nan, an ƙara masa cin taya kawai. Wasu kuma su sa wuta a lowa am su miƙar da shi da guduma. Don Allah kada ka yi wannan. Ƙarfen da ya sha wuta ya rasa ƙarfinsa, ranar da zai karye kuwa ba a gareji zai karye ba, a kan hanya ne da iyalin mutane a ciki. Shi awon kasta kansa yana son haƙuri: ƙasa shimfiɗaɗɗiya, tayoyi a kan faranti mai juyawa, birki a danne, a karya sitiyari kamar digiri 20 dama, 20 hagu. In ka tsallake wannan juyin, ba ka auna komai ba.

Kada ka raina 'yan Adaidaita Sahu in sun shigo. Tun da aka hana acaɓa a Kano a watan Janairun 2013, su ne suka cika ƙarƙashin gadar Sabon Gari har zuwa Fagge, kuma a cunkoson Bata ba a rasa mai dukan bayan wani. Tayarsu ta gaba ɗaya ce tak. In ƙafar ta lanƙwashe baya, ko boris ɗin wuya ya saki, kan zai riƙa rawa, birkin gaggawa ɗaya ya isa ya kifar da shi. Matuƙin yana tunanin balas ɗin da zai kai da yamma, ba ya son a ce masa ya ajiye. Ka lallashe shi, ka sa ya kama ƙafar da hannunsa ya ji motsin. Akwai mata da 'yan makaranta a cikin fasinjansa.

Mai mota kuwa, kira shi gaban na'urar. Ka ce, "Alhaji, ga na dama, ga na hagu. Wannan ba na juyawa ba ne, sai an canja ƙarfe." Rubuta masa lambobin a takarda. Wani zai ji haushi ya tafi inda za a ce masa an gyara, ba komai, wani zai ce ba shi da kuɗin a yau. Wannan ka gaya masa ya rage gudu, kada ya yi doguwar tafiya da lodi sai ya canja. Wanda ya yarda aka yi aikin, kada ka miƙa masa mukulli a bakin gareji. Ku shiga tare ku bi titin Murtala Muhammad, ya sha kwana da kansa, ya sassauta hannu ya ji ko sitiyarin ya dawo. In bai dawo ba, ku koma kan na'ura.