Darasi: Tsaron Ƙofar Taron Bidiyo

Ya 'yan'uwa, a 2019 aka rufe iyakokin ƙasar Nijeriya, ba a kuwa buɗe ta Kamba ba sai a 2022. Mu da muke da dangi a Gaya da Malanbil mun san zafin rabuwa. Yanzu ga Zoom da irinsa, mutum yana Bagudo yana ganin fuskar ɗan'uwansa na Birnin Kebbi ta waya. Amma taron nan yana da ƙofa kamar kowane gida, ɓarawo kuwa ƙofa yake nema.

A watan Mayu na 1920 babu wanda ya san irin wannan sata, amma a Mayu na 2020 ta auko wa wata ekklesiya a San Faransisko ta Amurka. Suna cikin nazarin Littafi Mai Tsarki, sai wani baƙo ya kutsa, ya cika idon dattawa da hotunan batsa. A shekaran nan kuma Singafo ta dakatar da malamai daga koyarwa ta Zoom na ɗan lokaci, saboda irin wannan ɓarna.

Yaya baƙo yake shiga? Galibi ba da ƙarfi ba. Adireshin taro shi ne mabuɗi, duk wanda ya same shi ya shiga. Saboda haka ku kiyaye abu biyar:

1. Kada a baza adireshin taro a Facebook. A aika wa kowa nasa.
2. A sa kalmar sirri, a kuma sake ta kowane taro.
3. A buɗe ɗakin jira. Shi ne zauren taro, inda baƙo zai tsaya har mai gida ya gane shi.
4. Mai kiran taro kaɗai zai nuna hotuna. Idan jama'a sun cika, sai ya kulle ƙofa.
5. Idan wani ya kira ka, wai ka faɗa masa lambobi shida da WhatsApp ya aiko maka domin ya sa ka a taro, ka ƙi. Gama da lambobin nan yake ƙwace WhatsApp ɗinka, ya roƙi 'yan'uwa kuɗi da sunanka.

Ku tuna, a taron dattawa ana ambaton asirin gidaje da kuɗin baiko. Wanda ya bar ƙofa a buɗe ya tona asirin ɗan'uwansa.

Tambayoyi: Wa yake riƙe da adireshin taronku? Wa kuka naɗa mai tsaron zaure?