Baƙin dutse a gona: na sama ne ko tama?

Tun da labari ya bazu cewa an sayar da wani dutsen sama daga jihar Agadez kan dala miliyan 5.3 a birnin Niyok, tambaya ɗaya ke yawan iso mini daga Ɗan Isa, Ƙauran Namoda, Shinkafi da Zurmi: "Malam, na tsinci baƙin dutse mai nauyi a gona, ko shi ne?" Amsar da ta fi yawa ita ce a'a. Amma ba zan ce wa kowa ya jefar ba, domin ƙasarmu ta san irin wannan baƙo.

A ranar 3 ga Oktoban 1962, wani manomi yana korar hankaki a gonarsa a Zagami, cikin ƙasar Faskari ta jihar Katsina, sai dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo kusa da shi, ya nutse cikin ƙasa. Daga baya masana suka tabbatar cewa daga duniyar Mars ya fito, saboda iskar da ta maƙale a cikinsa ta dace da wadda kumbon Viking ya auna a can a 1976. Wani ƙaton dutse ne ya daki Mars shekaru wajen miliyan 3 da suka wuce, ɓaraguzai suka tarwatse cikin sararin samaniya, ɗaya ya ƙare a gonar Bakatsine. An kuma sami faɗuwar duwatsu a Kabo ta Kano a 1971, da Gujba a 1984, da Kilabo kusa da Haɗeja a 2002.

To yaya za ka gane naka? Dutsen sama yana ratso iska da gudun da ke narkar da bayansa, sai ya yi siririyar baƙar fata wadda kaurinta bai wuce farce ba. Idan akwai inda ya ɓantare da kansa, cikin yakan fi bayan haske, wani lokaci da ɗigo-ɗigon ƙarfe. Yawancinsu mayen ƙarfe yana kama su, ko da yake na Mars da na wata ba sa kamuwa sosai. Goga gefensa kaɗan a bayan tayil: idan ya bar jan layi ko baƙi ƙirin, tama ce. Idan yana da ƙofofi da kumfa, kashin maƙera ne, kuma ƙasar Hausa cike take da shi a tsofaffin wuraren narka tama. Shi kuwa gatarin aradu da kakanni ke cewa tsawa ce ta jefo shi, hannun mutanen dā ne ya sassaƙa shi. Kayan tarihi ne mai daraja, amma ɗan ƙasa ne.

Akwai gargaɗin da na fi damuwa da shi, saboda halin rashin tsaro da yankinmu ke ciki. Haske da ƙara da dare a dajin Zurmi ko Shinkafi ba lallai daga taurari suke ba. Duk abin da ka gani da siffar ƙirar hannu, ko waya, ko rubutu, ko fenti, kada ka taɓa, ka hana yara zuwa, ka sanar da mai gari da jami'an tsaro. Kada kuma a daka dutsen da ba a sani ba a cikin gida, ko a jiƙa a sha da sunan magani. Gubar dalmar da ta kashe ɗaruruwan yara a Anka da Bukkuyum a 2010 daga dakan duwatsu a tsakar gida ta fito.

Idan alamun sun dace, kada ka fasa, kada ka wanke, kada ka shafa masa mai. Ɗauki hotonsa a inda yake kafin ka ɗaga, rubuta rana da wuri da sunayen waɗanda suka ga faɗuwarsa, sa shi cikin leda mai tsabta, a ajiye inda ba danshi. Wannan bayanin shi ne rabin darajarsa. A 2024 masana sun nuna cewa kusan kashi 70 cikin 100 na duwatsun da ke faɗowa sun fito ne daga dangin duwatsu uku kacal da ke tsakanin Mars da Jufita, wato Karin, Koronis da Massalia, kuma irin wannan bincike ya fi amfana da dutsen da aka san lokacin faɗuwarsa. Game da ramin da dutsen ke yi idan ya faɗo, kada ka zaci tafki: dutsen da hannu zai ɗauka ɗan gurbi yake yi. Manyan ramuka irin na tafkin Bosumtwi kusa da Kumasi, mai faɗin kilomita 10.5, aikin ƙaton dutse ne da ya faɗo kimanin shekara miliyan 1 da ta wuce.

Sai batun dillalai. Dutsen Agadez, mai lamba NWA 16788 da nauyin kusan kilo 25, an tsince shi a Nuwamban 2023, kamfanin Sotheby's ya yi gwanjonsa a Yulin 2025. Gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda ya fita, ta dakatar da fitar da irin waɗannan duwatsu; kamfanin ya ce takardunsa cikakku ne. 'Yan kasuwa na cewa kuɗi ne ke sa mutane su nemo duwatsun, in ba haka ba rairayi ya cinye su. Akwai gaskiya a ciki, amma a ganina ciniki a ɓoye mai tsintuwa yake cuta, ya kuma bar ɗalibanmu ba abin nazari. Yawancin duwatsun sama ma na gama-gari ne, farashinsu bai kusanci na Mars ba, kuma sai ɗakin gwaji ke iya bambancewa.

Saboda haka kafin ka saurari tayin kowa, aika hoto ko ka kai dutsen sashen nazarin duwatsu na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ko Hukumar Binciken Ma'adinai ta Ƙasa a Kaduna. Ka tafi da shaida, kuma kada ka bar ko ɗan ɓantare a hannun kowa sai an ba ka takardar karɓa mai sa hannu.