Lokacin Da Ya Dace A Yi Wa Kaskar Ƙudan Zuma Magani

Akwai wata 'yar mitsitsiyar kaska ja, ba ta kai ƙwayar gero ba, wadda Turawa ke kira Barowa. Takan manne a jikin ƙudan zuma tana shan kitsensa, tana kuma sa masa cuta, har 'ya'ya su riƙa fitowa da naƙasassun fukafukai. Asalinta daga Asiya ne. An gan ta a Afirka ta Kudu cikin 1997, daga baya aka same ta a Nijeriya.

Abin da ya wajaba hakimai da malamansu su gane shi ne, wannan kaska a cikin ramukan saƙa take haihuwa, bayan ƙudaje sun rufe 'ya'yansu da kaki. Maganin da aka fi yi mata da sanyi a Ingila da Jamus, watau asid na oksalik, ba ya ratsa kakin nan. Sai wadda ke jikin manyan ƙudaje kaɗai yake kashewa. Don haka Turawa sukan dakata sai wajen Disamba, sa'ad da tsananin sanyi ya hana sarauniya yin ƙwai, kaska ba ta da maɓoya.

To, nan ne mai kwaikwayo zai yi kuskure. Hunturun ƙasar Mafara da Bakura da Maradun ba irin na Turai ba ne. Cikinsa ne mangwaro da ɗorawa da kaɗanya ke fure, ƙudaje na ta ɗiba, saƙa cike da 'ya'ya. Har wa yau, tun da aka gama madatsar ruwa ta Bakolori cikin 1978, amyoyin da ke kusa da gonakin rani ba su cika rasa fure ba. Wanda ya zuba magani a wannan lokaci ya yi asarar kuɗinsa, gama mafi yawan kaskar tana rufe.

Saboda haka saƙa za a duba, ba lissafin wata ba. Lokacin da ya dace shi ne bayan an ɗebe zuma, sa'ad da fure ya yi ƙaranci, 'ya'ya suka ragu ƙwarai. Kafin nan ma sai an ƙidaya: a ɗebi ƙudaje kamar 300 cikin kwalba, a barbaɗa musu garin sukari mai laushi, a girgiza, kaska za ta zubo. In ba ta kai uku ga kowane ɗari ba, a ƙyale su, don ƙudan Afirka ya fi na Turai jure mata. Wannan aiki ya fi sauƙi ga masu akwati. Amyar kaba ko ta ciyawa da ke bisa itace ba ta buɗuwa haka.

Ana roƙon hakimai su gargaɗi dagatai da masu unguwa, kada kowa ya fesa maganin ƙwarin gona cikin amya. Yana kashe ƙudajen, yana kuma ɓata zumar da mutane za su sha. Mai son bayani sai ya nemi malamin gona na gundumarsa.