Falo Ɗaya Ko Biyu? Ka Duba Kafin Ka Rushe Bango

Masu sabon gini da yawa yanzu sun fi son falo guda ƙato. Iska na ratsa shi, kuma kujeru saiti ɗaya sun wadatar. Ga ango da amarya marasa yawan baƙi, ban ga laifinsa ba.

Amma ka fara duba su wa ke shigowa gidanka. Kakanninmu ba a banza suka sa zaure a bakin ƙofa ba: baƙo namiji ya tsaya nan, matan gida na ciki suna harkarsu ba sai sun nemi mayafi ba. Idan falo ɗaya ne, kuma ta cikinsa ake bi zuwa kicin, duk ranar da abokan maigida suka zo hira uwargida za ta takura a ɗaki, yara ma su kasa sakewa. Ranar suna ko zaman makoki abin ya fi tsanani, don maza da mata kowa na buƙatar wurinsa. A ganina, gidan da baƙi ba sa yankewa ya ware ƙaramin falo mai ƙofarsa ta waje da banɗakinsa, ko da filin ƙarami ne.

In kuwa falo biyu na tsohon gini za ka haɗe, kira injiniya tukuna. Wani bangon shi ke ɗauke da nauyin rufi, ba a cire shi sai an zuba ƙarfe da kankare a madadinsa. Ka kuma tuna ƙaton falo yana da wuyar sanyayawa a zafin Afrilu. In kana shakka, fasa ƙofa mai faɗi tsakanin falukan, a rataya labule mai kauri.